Ɗaya Mace Ce, Ɗayan Fa?

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci ku tsaya ku ji ta bakina. Na san yadda zancen ya zaga unguwarmu Matsango a lokacin: wai Saliha 'yar gidan Malam Hammawa ta baje wa uwar saurayinta goro a kan tabarma tana koya mata lissafi. To, na yi. Ban kuma yi da-na-sani ba. Abin da masu yaɗa zancen ba sa faɗa shi ne abin da ya taso Hajiyar tun daga Katagum cikin damina, ba biki ba suna, ta zo ta zauna a tsakar gidanmu.

Mu biyar ne a wajen iyayenmu, kuma dukkanmu mata. Adda Hadijatu ce babba, tana aure a Garwa ta ƙasar Kamaru, rabonta da gida a lokacin shekara huɗu. Sai ni, sai Zulaiha, sai Zainabu, sai autarmu Khaulat. Mahaifinmu Baffa malamin gona ne, a Disina ya yi yawancin aikinsa, a can aka haife mu. Sai da ya yi ritaya muka dawo Azare, shi ya sa a unguwarmu babu wanda ya san Adda ko a fuska.

Tun ina 'yar mitsitsiya nake ganin abu ɗaya. In Inna ta haihu, mata su cika ɗaki barka, wata ta karɓi jaririya ta ɗaga zani ta leƙa, ta ce, "Af, an kuma? To, Allah Ya raya." Wannan "an kuma" ɗin da ita na girma a kunnena. Inna ba ta taɓa tankawa ba, sai dai ta ce amin. Shi kuwa Baffa duk suna sai ya nemo ragon da ya fi na baya girma, kamar da gayya.

A shekarar 2007 ina da ashirin da huɗu, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a cikin gari. A farkon shekarar aka tura mu taron bita na kwana uku. Mu wajen arba'in ne a ajin, mata uku kacal, an jera mu a bencin baya kamar 'yan rakiya. Rana ta biyu mai gabatarwa ya rubuta tambaya a allo:

"Wani mutum yana da 'ya'ya biyu. Aka tambaye shi, akwai namiji a cikinsu? Ya ce akwai. Mene ne yiwuwar a ce duka biyun maza ne?"

Wani dogo a bencin gaba, mai farin yadi da hula zanna ya kafa ta a goshi, bai ko jira an nuna shi ba.

"Rabi da rabi," in ji shi. "Ɗayan ko namiji ko mace, babu na uku."

Aji ya ɗauka, haka ne, haka ne. Ni ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ɗaya cikin uku ne."

Aka juyo ana kallona, wasu har da dariya. Dogon ya ce, "Malama, ko dai akwai jinsi na uku da ba mu sani ba?" Dariyar ta ƙaru. Wallahi da bai faɗi haka ba da na yi shiru. Na gyara hijabina na taka har gaban allo na karɓi alli. Na zana gidaje huɗu.

"Duk mai 'ya'ya biyu, ɗaya daga cikin gidajen nan ne nasa. Na farko wa da ƙane. Na biyu wa da ƙanwa. Na uku ya da ƙane. Na huɗu ya da ƙanwa. Mutumin ya ce akwai namiji, don haka gida na huɗu ya fita." Na soke shi. "Saura uku. A cikin ukun, nawa ne duka maza?"



"To idan cewa aka yi babban namiji ne fa?" in ji dogon.

"Sai ta koma rabi da rabi, domin gida biyu ne suka fita, saura biyu."

"Ikon Allah. Yaya sanin wane ne babba zai canza yaron da an riga an haife shi?"

"Ba yaron ne ya canza ba, Malam. Abin da ka sani ne ya canza."

Na ajiye alli na koma bencina. Sunansa Abdulsamad, ɗan Katagum, yana koyarwa a wata makarantar maza a nan Azare. Bai yarda ba ranar, ya tafi yana girgiza kai.

Bayan kwana huɗu da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, wai ana kiran Malama Saliha. Na fito na tarar da shi a kan mashin, da takarda a hannu duk ta cika da 'yan layuka. Tsofaffin sulalla biyu ya samo, ya zauna ya yi ta wurga su har sau ɗari biyu, fuska namiji, baya mace, yana rubutawa.

"Sau ɗari da arba'in da tara aka samu namiji a ciki," ya ce, ko gaisuwa bai gama ba. "A cikinsu sau hamsin da ɗaya ne kawai duka biyun maza. Na zo in ce kin yi gaskiya, kuma ki yafe mini dariyar da na sa aka yi miki."

Ku gaya mini, wace mace ce za a zo mata da irin wannan zuciyarta ba ta motsa ba? Wasu turare ake kai musu. Ni takardar ba da haƙuri aka kawo mini, da hujja a jiki.

Wata bakwai muka yi. Duk Talata da Juma'a bayan la'asar yana zuwa, mu zauna a kan dakali ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidanmu, ni da kwanon gyaɗa, shi da sabuwar tambayar da zai kayar da ni da ita, wadda har yau bai samu ba. Sauran ranaku sai saƙo. 'Yar Nokiyata mai tocila har cika take, in zauna ina zaɓen wanda zan goge kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa. Baffa ya yi bincike ya gamsu. Maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara, shi kaɗai ne a wajen mahaifiyarsa Hajiya Meram. Aka tsayar cewa kawunansa za su zo neman aure a cikin watan Agusta.

Sai ga Juma'a ta wuce bai zo ba. Asabar da safe ina gugar atamfata mai ruwan ganye, waya ta yi ƙara.

"Malama akwai yar matsala daga gida. Hajiya ta ji ku biyar ne duk mata. Kar ki damu zan shawo kanta."

Na ajiye dutsen guga na sake karantawa. Kafin in san me zan rubuta wani ya shigo.

"Wani Jalo mai kai atamfa Garwa ya ce mata Addarku yaranta 2 kuma akwai mace a ciki. Dan Allah dayan fa? In namiji ne magana ta kare."

Ban san gawayi ya faɗo a kan atamfar ba sai da na ji ƙauri.

Wata bakwai muna tare bai taɓa tambayar yaran Adda ba, ni ma ban taɓa ganin abin faɗa a ciki ba, "yaran Adda" kawai nake cewa in zance ya biyo. Yau kuma su ne takardar shaidata. Mutumin da ya wurga sulalla sau ɗari biyu don ya gane gaskiya, shi ne yake roƙon in miƙo masa jariri ya kai wa uwarsa a duba.

Na rubuta masa: "Kai malamin lissafi ne. Ka lissafa." Na kashe wayar na cusa ta ƙarƙashin filo.

Ku dai zan gaya muku, tunda da ku nake hira. Namiji ne. Sunansa Bubayero, watansa biyar a lokacin, hotonsa yana cikin kabet ɗin Inna a bayan jeren kwalla, ƙato da shi kamar tulu. Kalma ɗaya zan rubuta a saƙo, shi ke nan, a sa rana. Kalmar tana hannuna. Ita ce na ƙi bayarwa.

Inna ta same ni a ɗaki ina kallon ramin da wuta ta yi wa atamfa. Na nuna mata saƙonnin. Ta karanta a hankali, tana nisanta wayar daga idonta.

"To ai sai ki gode wa Allah," ta ce. "Namiji ne fa, Saliha. Mene ne abin ɓoyewa?"

"Da mace ce fa, Inna?"

"Ai ba mace ba ce."

"Da ita ce fa? Shi ke nan na zama abin gudu?"

"Ke dai kin cika tsawaita zance. Yaron nan mutumin kirki ne. Shekararki ashirin da huɗu, ga Zulaiha ta taso miki, masu zuwa wajenta sun fara yawa. Za ki tsaya jayayya da uwar miji tun kafin ki shiga gidan?"

"Inna, in na shiga gidan nan da Bubayero a hannu, ranar da na haifi mace me zan ce musu? Cewa za su yi an yi musu rufa-rufa."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Ni haƙuri na yi, ga shi ban mutu ba." Ta fita. Amma na ji tana daka a tsakar gida, dakan da ya fi ƙarfin barkonon da ke cikin turmin.

Ranar Litinin muna hutun makaranta. Da hantsi, an ɗan yi yayyafi ƙasa tana ƙamshi, muka ji sallama. Mata biyu. Ta gaba doguwa ce baƙa mai tsagen Barebari, cikin lafaya ruwan toka, ƙamshin humrarta ya riga ta shigowa. Ko ba a faɗa ba na gane ta, domin goshin Abdulsamad ne sak. Ta bayan ƙanwarta ce, Laraba, tana riƙe da ƙunshin goro a ganye.

Inna ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a rumfa. Na saka dogon hijabina mai ruwan ƙasa, na kawo ruwan randa da fura a kwanon sha, na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Hajiya Meram ta amsa tana ƙare mini kallo tun daga lallen ƙafata. Na koma ɗaki kamar yadda ya kamata. Sai dai ban wuce bayan labule ba.

An yi gaisuwa, an tambayi damina, an yi zancen yadda ruwa ya ci hanyar Katagum. Laraba ta kwance goro ta tura gaban Inna, fari da ja, manya-manya. Sannan Hajiya ta gyara zama.

"Na ji an ce babbar 'yarku tana Garwa."

"Tana can."

"Yara biyu, ko? Masha Allah. An ce mini akwai mace. Ɗayan fa, me aka samu?"

Na hango Inna ta buɗe baki. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗaga labule na fito na durƙusa a gefen tabarma.

"Hajiya, ku gafarce ni. Tunda a kaina ake tambayar, ku ba ni izini in amsa."

Laraba ta riƙe haɓa. Inna ta ce, "Saliha!" Hajiya kuwa ko gezau.

"Bar ta. An ce mini malama ce. Ina jin ki."

"Shi Jalo, ganin yarinyar ya yi, ko gaya masa aka yi?"

"Mene ne bambancin?"

"Akwai, Hajiya."

Ta ce, "Jalon ne ya tambayi mijin Addarki. Ya ce masa cikin yaran nan biyu akwai mace, in zo mata da 'yan kunne in na dawo? Ya ce akwai."

Na jawo ganyen goron. Na ɗebi takwas, huɗu fari huɗu ja, na jera su bibbiyu a kan tabarma.

"Fari namiji, ja mace. Na dama shi ne babba. Ga fari da fari. Ga fari da ja. Ga ja da fari. Ga ja da ja. Duk mai 'ya'ya biyu a duniya, ɗaya daga cikin huɗun nan Allah Ya ba shi. An ce wa Jalo akwai mace, to wannan ya fita." Na ɗauke fari da fari na mayar cikin ganye. "Saura uku. A cikin ukun nan, Hajiya, nawa ne babu fari?"

Hajiya Meram ta yi shekara talatin tana sayar da man gyaɗa, ba a yi mata bayanin ƙidaya sau biyu. Ta sunkuyo, ta sa yatsa ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya."

"Biyu kuma akwai. Da a ƙofar gida ya ga yarinya ɗaya tana wasa, da sai in ce rabi da rabi ne, domin ita ya gani, ɗayan kuma bai san komai a kai ba. Amma yadda ya yi tambayar, labarin da ya tayar muku da hankali ya fi karkata ga abin da kuke so."

"Ikon Allah," in ji Laraba. "Yaya, kin ga fa haka ne."

Hajiya ta ɗago. Har ta ɗan saki fuska. "To madalla. Biyu cikin uku. Sai ki cika mini ukun."

"Shi ne ba zan yi ba, Hajiya."

Kun san Hausa ba ta da rufin asiri a wannan wajen. Da ka ce "shi" ko "ita" ka gama tonawa. Haka na riƙa taka maganata kamar mai tsallake kwata.

"Ko goma Adda ta haifa duk maza, bai ce komai a kan abin da ni zan haifa ba. Ko goma ta haifa duk mata, haka. Kowane ciki da rabonsa yake zuwa, ba ya tambayar na gabansa. In na ba ku amsa yau kuka ji daɗi, kun karɓe ni a kan alkawarin da ba ni da ikon cikawa. In kuka ji babu daɗi, kun ƙi ni a kan laifin da ban yi ba. Ni da ƙannena ba cuta ba ce da za a bincika ko tana bin jini."

Akwai abin da malaman kimiyya suke faɗa, cewa daga wajen namiji abin yake fitowa. Yana kan harshena. Amma ko ni da rashin kunyata na san ba a faɗa wa uwar miji wannan a tsakar gida.

Na zaci za ta tashi. Sai ta tura kwanon fura gefe ta yi magana a hankali.

"Yarinya, kina ganin mugunta ce ta kawo ni. Mu huɗu ne a wajen ubanmu, duk mata, ga Laraba nan ta shaida. Da ya rasu ko arba'in ba a yi ba 'yan'uwansa suka zo rabon gado. Ba su zalunce mu ba, abin da shari'a ta ba su suka karɓa. Amma gida ɗaya ne, ba ya yankuwa, sai aka sayar. Ina da shekara goma sha ɗaya na ɗauki tukunyar uwata a ka muka fita daga ɗakin da aka haife ni. Da akwai namiji ko na goye ne a cikinmu, da ba a yi ba. Ɗa ɗaya Allah Ya ba ni. Gidan ubansa da gonar fadama suna nan. Ba na son jikokina su ɗauki tukunya a ka."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Na gane ta sarai, har na ji ina ma a ce ita ce muguwar da na zana a raina, da abin ya fi mini sauƙi.

"Allah Ya jiƙan mahaifinku, Hajiya," na ce. "Tsoronku gaskiya ne. Amma amsar da kuke nema ba za ta tsare gidan ba."

Ta kau da kai daga gare ni ta fuskanci Inna. "Ke na tambaya tun farko, ba yarinya ba. Uwa da uwa. Me 'yarki ta haifa?"

Na san ra'ayin Inna, ta gaya mini shekaranjiya. Na sunkuyar da kai ina kallon goron, ina jira in ji an ce Bubayero.

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Jikokina biyu ne, Hajiya, duk lafiyarsu ƙalau, suna ci suna wasa. Ni sau biyar ana ɗaga mini zanin jariri a leƙa a ce an kuma, ina cewa amin. Na jikokina kam ba zan ɗaga a leƙa ba. In kuna son Saliha ga ta nan, kun gan ta, kun ji bakinta, ba mu ɓoye muku komai nata ba. In ba kwa so, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Ku sha furar mana, ta Disina ce."

Na ɗago ina kallon uwata kamar yau na fara ganinta.

Ba su sha ba. Hajiya ta miƙe ta yafa lafayarta, ta yi sallama a taƙaice. A bakin zaure ta tsaya ta waiwayo ta dube ni, kallon da har yau ban san fassararsa ba. Suna fita Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ban bi ta ba.

Da Baffa ya dawo daga gona ya ji labari, sai ya kira ni yana wanke ƙafa a bakin rijiya.

"Kin durƙusa kin gaishe ta?"

"Na durƙusa, Baffa."

"Kin ɗaga mata murya?"

"A'a."

"To. Duk yadda ta ƙare, za ki ba ta haƙuri a kan shiga maganar manya da kika yi. A kan wannan kaɗai. Abin da kika faɗa kuwa kada ki janye ko kalma ɗaya."

Kwana biyu babu saƙo, babu ko fulashin. Na kunna wayar na kashe ta ya fi sau hamsin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka a banɗaki inda ƙannena ba za su ji ba, na fito na wanke fuska na zizara kwalli.

Ranar Laraba bayan la'asar na ji tsayuwar mashin ɗinsa. Na ɓata lokaci da gangan. Na saka leshina mai ruwan zuma wanda na ajiye don ranar zuwan kawunansa, na yafa farin mayafi, na fito ba gyaɗa ba ruwa. Ya rame a kwana biyar. Hular ma a karkace take.

"Malama, kin gama da ni a gida," ya ce. "Tun da Hajiya ta koma take jera goro tana nuna wa duk wanda ya shigo."

Na danne dariyar da ta taso mini. "Abin da ka zo faɗa ke nan?"

Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba ya miƙo mini. Lambar waya ce ta Kamaru.

"Ta mijin Adda Hadijatu ce. Daga wajen Jalo Hajiya ta karɓo. Ta ce in kira in yi masa barka, a cikin gaisuwa zan ji. Ta ce in na ji in gaya mata, sannan ta san abin da za ta ce wa kawunaina. Asabar suka shirya zuwa."

"Ka kira?"

"Ban kira ba."

"Ba za ka kira ba, ko ba ka kira ba tukuna?"

Ya riƙa murza makullin mashin.

"Saliha, uwata ce. Ita kaɗai ta rage mini. Saƙon nan da na turo miki na san ban kyauta ba, tun da na danna shi nake jin kunyar kaina. Amma in na zo mata da hujja sai kowa ya huta. Ni wallahi ko mata goma kika haifa mini ina so."

"To ka gaya mata haka."

"Na gaya mata."

"Ka gaya mata ba tare da lamba a aljihunka ba."

Ya dubi takardar da ke hannuna. "Shi ya sa na kawo miki. Ki riƙe. Ki yaga in kin ga dama."

Na san mutumina. Na ce, "Ka haddace ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Lamba ce, Malama. Kallo ɗaya na yi mata ta zauna."

Wannan karon sai da na yi dariyar, hawaye yana biye da ita. Na ninke takardar na mayar masa a tafin hannu.

"To riƙe abarka, ba a takarda matsalar take ba. Ka saurare ni da kyau, Malam. Ranar Asabar bayan la'asar Baffa zai shimfiɗa tabarma a zaure. In kawunanka suka zo kai ba ka san amsar nan ba, na yarda, ko gobe a ɗaura. Zan je har Katagum in durƙusa in ba Hajiya haƙuri, in zauna da ita tsakani da Allah. In kuwa ka kira, za ka ji abin da za ka ji, daɗi ko akasinsa. Amma kada ka wahalar da dattawa a hanya."

"Ko da abin da na ji mai daɗi ne?"

"Musamman in mai daɗi ne."

Ya daɗe yana kallona. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, iska tana kaɗa ganyen dogon yaro a kanmu. Ya sa takardar a aljihu, ya tayar da mashin, bai ce zai kira ba, bai ce ba zai kira ba.

Ban koma cikin gida ba. Na wuce shagon bakin titi na sayi kati na ɗari biyar na loda, na tsaya a nan ƙarƙashin rumfar kwano na kira Garwa. Adda ta ɗauka, ina jin kukan Bubayero a kusa da ita. Na ba ta labari a gurguje kafin katin ya ƙare.

"To me kike so mu yi?" ta ce. "In ce wa Baban yara kada ya ɗauki baƙuwar lamba?"

"A'a. Ya ɗauka. In an tambaya ya faɗi gaskiya, har da sunan yaron da watanninsa. Kada a ɓoye komai. Sai dai in an gama, ki kira ni."



"Saliha, anya kina son mutumin nan kuwa?"

Ruwan ya sauko a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa. Na toshe ɗaya kunnen na ɗaga murya don ta ji ni sosai.

"Adda, da ba na son sa, da tun ranar Asabar ɗin da ya tambaya na ba shi amsarsa."